Maganar sojojin Amurka a Ghana: in namu ya sa hannu halal, in nasu ne haram?

Malam Sawaba:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya min a wuya tun daren jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai manya da masu ilimi. Jiya bayan isha'i muna zaune a bes, wurin hirarmu, ana dafa ataya, sai wani yaro da nake koya wa karatu ya ce min, Malam ba kai ne ka tafi Accra zanga-zanga saboda sojojin Amurka ba, to ina maganar ta tsaya yanzu? Wallahi na rasa amsa, kofin na hannuna har ya huce. Don gaskiya ne na je. Ranar 28 ga Maris 2018 ne, na kwana a mota daga Kumasi, muka taru a Circle da jan ƙyalle a wuya muna ihu an sayar da ƙasa a kan dala miliyan 20 saboda yarjejeniyar soja da gwamnatin NPP ta ƙulla da Amurka, kuma ba wanda ya ba ni ko sisi, kuɗin motata ma ni na biya, don har zuciyata na yarda da abin da nake faɗa. To yau jam'iyyar da na zaɓa, NDC, ita ke mulki tun Janairu 2025, mu da muka fi kowa ɗaga murya mun yi tsit. A watan Satumba 2025 aka kwaso 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta kora aka sauke su a ƙasar nan, mutum 14 a karon farko, a cikin abokan zanga-zangata ban ji wanda ya ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Shi ne nake tambaya, yarjejeniyar muka ƙi a 2018, ko mai sa hannun muka ƙi? Don Allah kar a yi zagi, kaina na fara tuhuma kafin kowa.

Ɗan Giwa Asawase:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi wannan da bakinka, don in ni na faɗa cewa za a yi ɗan NPP ne yana neman magana. Abin da muka yi ta gaya muku kenan a 2018 ba ku saurara ba. Ba Nana Addo, shugaban ƙasa a lokacin, ne ya fara wannan hulɗa ba, akwai yarjejeniyar 1998 lokacin Rawlings, akwai ta 2015 lokacin Mahama, kuma a Janairu 2016 Mahama ɗin ne ya karɓo mutum biyu 'yan Yaman daga kurkukun Gwantanamo ba tare da ya kai maganar majalisa ba. Mu aƙalla mun kai tamu majalisa kowa ya gani, 'yan majalisarku suka tashi suka fita. Nana ya fito a talabijin ya ce ba za a gina wa Amurka sansani ba, yau shekara nawa, wa ya ga sansanin? Amma lokacin a unguwarmu har tsofaffi cewa suke za a kawo Turawa su rufe masallatai, ni kuma da na ce ba haka ba ne aka ce na sayar da Zongo.

Hajiya Aboabo:
Ɗana Ɗan Giwa ka bi a hankali. Kai kana maganar takarda, ni ina maganar abin da idona ya gani. Ina 'yar shekara bakwai a 1969 firaminista Busia ya ba baƙi sati biyu su bar ƙasa. Gidan da muke haya a Aboabo ɗaki goma sha ne, cikin kwana kaɗan rabi ya zama kango. Na ga gwaggona tana sayar da gadon ƙarfenta da tukwanenta a kuɗin da bai kai na goro ba, aka loda su a bayan babbar mota kamar buhunan gawayi, ita da aka haife ta a Kumasi ba ta taɓa taka Najeriya ba. Har ta rasu ba mu sake haɗuwa ba. To jam'iyyarku jikar ta Busia ce, ku da kanku kuke kiran sunansa da alfahari. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa in giwa, wato NPP, ta ce min ga soja na kawo don ya tsare ki, gabana faɗuwa yake, in lema, wato NDC, ta faɗa kuwa hankalina kwance. Ban ce daidai ba ne, na dai gaya maka inda abin ya samo tushe.

Ɗan Giwa Asawase:
Hajiya Allah ya jiƙan gwaggo, ba na musun abin da ya faru, kakana ma ya ba mu labari. Amma ni an haife ni shekara ashirin da wani abu bayan wannan, har yaushe zan ci gaba da biyan bashin Busia? Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama mataimaki shekara takwas, Nana ya ɗauki Bawumia shekara takwas, aka kafa asusun raya Zongo a 2017, a 2024 muka tsayar da shi Bawumia, Musulmi, takarar shugaban ƙasa, duk da haka a layinmu in na sa rigar jam'iyya sai in ga matan da ke sayen kati da cire kuɗin waya na momo a shagona sun tsallaka gun wani. Akwai yarinyar da na nema, kawunta ya ce ba zai ba ɗan giwa 'ya ba, a gaban mutane ya faɗa yana dariya amma maganar auren a nan ta mutu.

Hajiya Aboabo:
Wannan kawun bai kyauta ba, aure daban siyasa daban. Amma maganar Bawumia kar ka ɗora mana laifi, ba addininsa muka ƙi ba, kasuwa ce ta kore shi. Ni atamfa nake sayarwa a Kejetia, a ƙarshen 2022 kaya in ka saro da safe kafin la'asar dala ta tashi kuɗin da ka sayar ba zai sake saro maka shi ba, ga harajin E-levy ana yankar mutum a momo. Mai jin yunwa ba ya duba hular ɗan takara.

Ɗalibar Lauya:
Salam iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren doka don shi nake karantawa. Yaya Ɗan Giwa abin da ka faɗa gaskiya ne amma ka tsaya a rabin hanya. Eh Mahama ya karɓo mutanen Gwantanamo bai kai majalisa ba, aka kai ƙara, a Yuni 2017 kotun ƙoli ta ce ya saɓa wa sashe na 75 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce yarjejeniyar da shugaba ya ƙulla da wata ƙasa sai majalisa ta amince. To amma lokacin da hukuncin ya fito wa ke mulki? NPP. Su da suka cika rediyo a 2016 cewa an shigo mana da 'yan ta'adda, a Agusta 2017 majalisar da suke da rinjaye ita ta amince da zaman mutanen. Sai a 2018 aka juya, NDC ke ihun 'yancin ƙasa NPP ke kare Amurka. A 2025 aka sake juyawa, NPP marasa rinjaye suna cewa maganar korarru sai an kawo ta majalisa suna kafa hujja da hukuncin Gwantanamo ɗin nan, gwamnati kuma ta bakin ministan harkokin waje Ablakwa tana cewa takardar fahimtar juna ce kawai ba ta buƙatar majalisa, alhali shi Ablakwa yana cikin waɗanda suka fi zafi a 2018. Sau uku kenan cikin shekara goma kowane ɓangare yana ɗaukar maganar da abokin hamayyarsa ya ajiye. Kuma Malam, ta 2018 ɗin akwai abin dubawa a cikinta da gaske, ba ihu kawai kuka yi ba. Ta ba sojan Amurka damar shiga wasu wurare da aka amince ba tare da shamaki ba, su shigo da kayansu ba haraji, su yi amfani da zangon rediyonmu kyauta, ga kariya irin ta ma'aikatan ofishin jakadanci. Waɗannan sharuɗɗan ba su canza launi don gwamnati ta canza ba.

Malam Sawaba:
Ƙanwata Allah ya ƙara basira. Kin ga abin da ya fi ƙona min rai kenan, ranar da na je zanga-zangar ko layi ɗaya na takardar ban karanta ba. Abin da na ji a rediyo da saƙon murya na WhatsApp shi na ɗauka na hau mota.

Ɗan Sahel:
Ni duk wannan lema da giwa ba ta dame ni ba, duk kanwar ja ce, kowanne in ya hau Washinton yake kallo. Ku duba maƙwabta mana. Mali ta sallami Faransa a 2022, Burkina ta sallame su a 2023, Nijar ta kori Faransa ta kuma sa Amurka ta kwashe kayanta daga sansanin Agadez a 2024, sansanin da suka kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina shi. Shekara nawa Faransa ta yi a Mali da jirage da komai, ta'addancin raguwa ya yi ko yaɗuwa? Ranar rantsar da Mahama da aka kira sunan Kyaftin Ibrahim Traore duk Black Star Square ta ɗauka da sowa, ba 'yan Burkina ba ne suka yi sowar, matasan Ghana ne, don sun gaji da shugabanni masu roƙo. Kuma kar mu manta 24 ga Fabrairu 1966, takardun da Amurka ta fitar da kanta daga baya sun nuna jami'anta sun san ana shirya wa Nkrumah juyin mulki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ba mai ba ka mota mai sulke don yana son kakarka.

Alhaji Mai Albasa:
Yaro na karanta abin da ka rubuta sau biyu. Zan tambaye ka, yaushe rabonka da ka bi hanyar Burkina zuwa Nijar? Ni shekara sama da ashirin ina ɗauko albasa daga Galmi ina saukewa a Kwadaso. Da, direba ya loda ya bi ta Fada Ngurma ya sauko Bittou ya shigo ta Bawku, kwana kaɗan yana Kumasi, matsalarmu ba ta wuce ta masu shinge a hanya ba. Yanzu mota sai ta tsaya jiran rakiyar soja, a jera motoci ɗaruruwa a bi ta Tera da Dori da Kaya, wani lokacin sati biyu wani lokacin fiye, albasa kuma ba siminti ba ce, rana na dukan tampol tana zufa tana ruɓewa daga ƙasa. Akwai lodin da muka buɗe a Kwadaso wari ya kori mutane, buhu na ɗagawa ruwa na zuba, na tsaya ina kallon jarina ana kwasa da shebur. Wannan dukiya ce Allah zai mayar. Yaron motar wani abokina shi bai dawo ba, ɗan shekara goma sha tara, ni na je gidan na faɗa wa uwarsa don ubangidansa ya kasa. Saboda haka in ana maganar Traore a waya da waƙa a bayan bidiyo ni hanya nake tunawa. Ban ce Faransa ta yi abin kirki ba, ba ta yi ba, a gabanta abin ya lalace. Amma da ta tafi ma hanyar ba ta gyaru ba, kuma ba su zauna su kaɗai ba, Rasha suka kira. Baƙo ya fita baƙo ya shigo.

Ɗan Sahel:
Baba Alhaji Allah ya jiƙansa ya mayar maka da alheri, ban yi don in raina abin da kuke gani ba. Amma ai ɓarnar shekara goma ba ta gyaruwa a shekara biyu, kuma aƙalla su suka zaɓi wanda za su yi hulɗa da shi.

Alhaji Mai Albasa:
Su wa suka zaɓa? Talakan Dori aka tambaya? Can ma mai bindiga ne ya sa hannu, sai dai can ba ka isa ka fita da jan ƙyalle kamar yadda Malam ya fita ba.

Tsohon Soja Tafo:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Na yi aikin soja shekaru masu yawa, na je Labanan na je Laberiya, yanzu ina gida ina kiwon kaji. Bari in gaya muku yadda taimakon nan yake daga ciki. Sojan Ghana ba ragwaye ba ne, tun Kwango a 1960 muke aikin kiyaye zaman lafiya, kwamandan farko na ECOMOG a Laberiya a 1990 ɗan Ghana ne Janar Quainoo, a Ruwanda 1994 lokacin da sojan Beljiyam suka kwashe nasu namu suka tsaya ƙarƙashin Janar Anyidoho suka ceci rayuka. Jarumta muna da ita. Abin da ba mu da shi kaya ne, jirgin leƙen asiri, na'urar gani da dare, motar da za ta taka nakiya mutanen ciki su fito da rai. Waɗannan ba a ƙera su a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, dole ka saya ko a ba ka. A Oktoba 2023 Tarayyar Turai ta ba mu motoci masu sulke 105, a Maris na shekarar Kamala Harris ta zo Accra ta yi alkawarin dala miliyan 100 ga Ghana da wasu ƙasashen gaɓar teku huɗu, an yi atisayen Flintlock da Amurka ke jagoranta a ƙasar nan a 2023 da 2024. Yaron da aka tura iyaka a Upper East in ka tambaye shi ba zai ce maka a mayar da motar ba, don ya san abin da ya faru a arewacin Togo a 2022 da aka kashe sojoji 8 a hari ɗaya, ya san na Benin a 2025 da aka kashe gommai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa.
Amma ga inda matsalar take, kuma ɗana Ɗan Sahel yana da gaskiya a nan. Kyautar mota rana ɗaya ce, a yi biki a ɗauki hoto minista ya yi jawabi. Gyaranta shekara goma ne. Na ga motoci da idona a bariki an jera su ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu saboda wani ƙaramin ƙarfe da sai an yi odarsa daga ƙasar da ta bayar, makanikenmu ya iya aiki amma ba kayan gyara. Wannan daga ƙasa kaza, wancan daga ƙasa kaza, ba wanda kayan ɗaya ke shiga ɗaya. Nan ne igiyar take, wanda ke riƙe da kayan gyaranka shi ke riƙe da kai, ko Ba'amurke ne ko ɗan Rasha ko ɗan Chaina. Kuma ba na jin wani ɗan siyasa na lema ko na giwa ya taɓa hawa dandamali a Asawase ya yi maganar kuɗin gyaran kayan soja, don ba ta kawo ƙuri'a.

Hajiya Aboabo:
Baba Soja ka tuna min da jirgin nan da ya faɗi.

Tsohon Soja Tafo:
Ranar 6 ga Agusta 2025 Hajiya, a hanyarsu ta zuwa Obuasi. Mutum 8, har da ministan tsaro Omane Boamah da ministan muhalli Alhaji Murtala Muhammed da Alhaji Muniru Limuna da yaranmu uku na sojan sama. Allah ya jiƙan Musulmin ciki ya ba iyalan sauran haƙuri. Jirgin ƙirar Chaina ne, kuma wajen bincike an nemi taimakon ƙwararru daga Amurka. Kin ga yadda muke, kaya daga gabas bincike daga yamma. Abin da ya ba ni takaici kafin a yi jana'iza ma wasu yara a Facebook sun fara rabon gawa, wannan na jam'iyyarmu wancan ba namu ba.

Ɗalibar Lauya:
Baba Soja da girmamawa akwai tambaya ɗaya da ba a taɓo ba, kayan in sun zo a kan wa ake amfani da su? A Ejura a Yuni 2021 soja suka buɗe wuta kan matasa masu zanga-zanga bayan kisan ɗan gwagwarmaya Kaaka mutum biyu suka mutu. A Ashaiman a Maris 2023 bayan an kashe wani soja aka shiga unguwa da asuba aka yi ta dukan mutane aka kwashe 184. Waɗannan wurare ne da mutanenmu suka cika. Shi ya sa ɗan Zongo in ya ga sabuwar mota mai sulke a talabijin ba iyakar Burkina ce ke fara zuwa masa a rai ba, layinsu ne. Kuma kalmar ta'addanci in ta yi yawa a bakin hukuma mai gemu da ɗan guntun wando shi ake fara tsayarwa a shinge.

Tsohon Soja Tafo:
'Yata ba zan kare wannan ba. Ranar Ashaiman na kasa cin abinci, na cire hoton da nake cikin kaki daga bangon falo sai bayan wata guda na mayar. Soja ba a horar da shi don unguwa ba, wanda ya tura shi unguwa shi ya kamata a tambaya.

Ɗan Giwa Asawase:
To ai ga shi an dawo kanmu, Ejura da Ashaiman duk lokacin NPP aka lissafo, na lokacin Rawlings fa? Iyayenmu 'yan kasuwa ba a zane su a bainar jama'a ba a 1979, ba a rushe kasuwar Makola ba? Su wa ke sayar da kaya a kasuwa in ba mutanenmu ba?

Hajiya Aboabo:
An yi, ba zan ɓoye ba. Mahaifiyata ta ɓoye sabulu da madara a ƙarƙashin gado don tsoron soja, ina budurwa lokacin. Na san wannan kuma na zaɓi Rawlings sau biyu. In ka tambaye ni dalili, shi ya shigo Zongo ya zauna da mu, a zamaninsa aka ba mu hutun sallah, ba wanda ya tambaye mu takardar kakanmu. Mutum yana yafe wa wanda ya ɗauke shi ɗan gida abin da ba zai yafe wa wanda ya kira shi baƙo ba. Har gobe a Kumasin nan in faɗa ya haɗa ka da wani a mota kalmar da zai fara jefo maka pepeni ce, kalmar raini ga ɗan arewa, kuma ya riga ya yanke cewa kai ɗan lema ne ko bai tambaye ka ba.

Ɗan Giwa Asawase:
Wannan ni ma ina shan ta Hajiya, a cikin jam'iyyar tawa ma. A taro in na yi magana wani sai ya ce kai ɗan Zongo me ka sani, ku da ba kwa kawo mana ƙuri'a. A gida a ce na ci amana, a can a ce ni ɗan leƙen asiri ne. Amma ni ina ganin zamanmu a kwando ɗaya shi ya sa aka raina mu, Asawase tun 2005 Muntaka na NDC ake zaɓa ɗan majalisa, lema ta san ko ba ta yi komai ba za ta ci, giwa ta san ko ta yi ba za ta ci ba, to wa zai wahalar da kansa ya zo ya yi mana bayanin yarjejeniyar soja?

Admin:
Jama'a na goge saƙo biyu na wani da ya shigo da zagin ƙabila. Wanda ya sake zan fitar da shi. A ci gaba.

Ɗan Sahel:
Ni dai har yanzu ban ji wanda ya amsa min ba, me ya sa sai mun karɓa? Ƙasar da ke da zinariya da koko da mai, a 2022 ta je IMF neman dala biliyan 3, sannan a ce dala miliyan 20 ta isa a buɗe wa sojan wata ƙasa ƙofa. Ko kuɗin galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ake sacewa aka tare ai ya sayi motocin.

Malam Sawaba:
A nan ina tare da kai ƙanina, kuma shi ya sa ban ce na yi nadamar zuwa zanga-zangar ba, shirun da na yi daga baya shi nake jin kunyarsa. Sai dai kai ma zan maka tambayar da yaron nan ya yi min. A Disamba 2022 da Nana ya faɗa a Washinton cewa Burkina ta ɗauko 'yan Wagner, sojojin haya na Rasha, har Burkina ta kira jakadanmu ta nuna fushi, na tuna ka rubuta a nan cewa ya tona asirin maƙwabci a gaban Bature. To in gobe wata gwamnati ta kawo sojan Rasha Tamale da irin sharuɗɗan nan, ba haraji, ba kotunmu da za ta taɓa su, za ka fita da jan ƙyalle?

Ɗan Sahel:
Gaskiya Malam da ka tambaye ni jiya cewa zan yi Rasha daban ce. Yanzu da Baba Alhaji ya yi maganar yaron motar nan jikina ya yi sanyi. Zan fita, amma na san rabin abokaina ba za su bi ni ba, kuma za su ce Faransa ta saye ni.

Alhaji Mai Albasa:
Ni abin da nake nema a wurin kowace gwamnati kaɗan ne. Mahama ya naɗa wakili na musamman zuwa ƙasashen Sahel ukun nan bayan sun sanar da barin ECOWAS, na ji daɗin wannan don dole a yi magana da maƙwabci ko ana fushi, motocinmu ta ƙasarsu suke bi. In ya karɓi mota daga Amurka ya karɓa, amma a kai ta Bawku da Paga inda ake buƙata, kuma a kashe wutar rikicin Bawku ɗin don ɓarakar da ke cikin gida ita ɓarawo ke bi. Ban taɓa zaɓen mutum saboda sojan waje ba, ban kuma san ɗan kasuwar da ya taɓa yi ba, farashin dala da man mota muke dubawa. Sai abu ya faru a ce ashe an sa hannu tun shekara kaza.

Ɗalibar Lauya:
Malam ina da kwafin yarjejeniyar 2018 da hukuncin kotun ƙoli na 2017. In kuna so zan riƙa ɗauko sashe ɗaya ɗaya ina mayarwa Hausa ina sakawa a nan, in yi kuma da murya saboda su Hajiya, ba zan sa ra'ayina ba sai kowa ya ji abin da ke ciki. Sai dai jarabawa nake har ƙarshen wata, sai bayan nan.

Hajiya Aboabo:
Ki yi da murya 'yata, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Amma ina faɗa muku tun yanzu ko me ke ciki lema zan dangwala wa, na tsufa da canza gida. Abin da zan iya, in ɗan majalisa ya zo gaisuwar sallah zan tambaye shi maganar korarrun nan a gaban mata, don cikinsu akwai 'ya'yan mutane kamar gwaggona, an sauke su a ƙasar da ba su san kowa ba. Kai kuma Ɗan Giwa turo min lambar shagonka, momo ɗina a wurinka zan riƙa cirewa, kuma wace unguwa ce kawun yarinyar nan yake?

Ɗan Giwa Asawase:
Na gode Hajiya, zan turo ta gefe. Yarinyar ta yi aure bara, tana Tamale.

Malam Sawaba:
Allah ya ba ka wadda ta fi alheri. Ƙanwata in kin fara ki fara da sashen kariyar nan da kika ce, don shi yaron zai fara tambayata, yau ma yana nan zuwa bayan isha'i.